Hukuncin Gaisuwar "Dia Duit" da Amsarta ga Musulmi Mazaunin Ireland

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina aikin jinya a Galway, 'yata kuma tana firamare inda ake koyar da harshen Irish. An koya musu gaisuwar "Dia duit", ana amsawa da "Dia is Muire duit". Ya halatta ta riƙa faɗin su?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, Allah ya shirya miki zuri'a. Asalin gaisuwar al'ada halal ne a kowane harshe, domin abin dubawa shi ne ma'ana. "Dia duit" tana nufin "Allah ya kasance gare ka", kuma ban ga laifi ga Musulmi ya faɗe ta ba, matuƙar Mahaliccinsa Makaɗaici yake nufi da kalmar Dia.

Amsar ce take da matsala. Fassararta "Allah da Maryamu su kasance gare ka", wasu ma sukan ƙara sunan Pádraig, waliyyin Kiristocin ƙasar. Nana Maryam tana da girma a wurinmu, har sura ta 19 da sunanta take, amma girmanta bai sa a jera ta da Allah a cikin addu'a ba. Wani mutum ya taɓa ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, "abin da Allah ya so kai ma ka so", sai ya hana shi, ya umarce shi ya ambaci Allah shi kaɗai. Idan an hana wannan game da fiyayyen halitta, to hani game da waninsa ya fi ƙarfi, ko da yawancin masu faɗin ta a yau gaisuwa kawai suke nufi.

Saboda haka kada yarinyar ta yi shiru idan an gaishe ta, domin aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce a mayar da gaisuwa da mafi kyau ko da irinta. Ta mayar da "Dia duit", ta bi da "Conas atá tú?", wato yaya kike. Idan jarrabawa ta bukaci ta rubuta waccan amsa, babu zunubi a kanta, domin hakaito lafazi daban yake da roƙo da shi. Ki je ki yi wa malamarta bayani cikin ladabi.

Tarbar baƙo da "Fáilte" ko "Céad míle fáilte", maraba dubu ɗari, abu ne mai kyau, kuma Annabi da kansa ya yi wa tawagar Abdul Ƙais marhabin da suka iso Madina. Allah ne mafi sani.