Ajiye bokitin nan, kar ka kwaso dodon koɗi daga dam

Toh ɗana, naga saƙonka, wai tafkin adon da muka gina a tsakar gidan Alhajin nan ya yi kore shar, kuma wani ya ce maka in ka zuba dodon koɗi zai cinye gansakukar tas, shine kake tambaya ko ka tafi bakin dam ka kwaso. Tsaya tukuna.

Gansakukar kala biyu ce. Akwai mai mannewa a jikin siminti da duwatsu, in ka shafa kaji santsi, wannan kam dodon koɗi yana cinta, in ka tsuguna da safe zaka ga sawunsa a bango kamar an ja yatsa a kan ƙura, a hankali yake kankareta. Amma wadda ta mayar da ruwan kamar miyar kuka ƙanana ce sosai, yawo take a cikin ruwan, shi kuma a jikin bango yake rarrafe, ta ina zai kamota? Ko buhu guda ka juye ruwan yana nan kore, sai ma kashinsu ya ƙara mata taki.

Amma ba wannan ne ya sa nace ka ajiye bokiti ba. Tsargiya ce. Wannan fitsarin jinin da muka sha muna yara saboda wanka a kududdufi, har wasu na cewa alamar balaga ce, to a jikin ƙananan dodon koɗin ruwa tsutsar take girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shige cikin dodon, bayan 'yan makonni sai tsutsotsi su dinga fitowa, ido baya ganinsu, kuma ba sai ka sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Likitoci suna kiran dodon da ke kawo ta fitsari Bulinus, mai kawo ta hanji kuma Biomphalaria, shi wannan ƙoƙonsa a shimfiɗe yake kamar an naɗe igiya. Ni da kai ba zamu iya kallon dodo mu ce wannan lafiyayye ne ba. Kaga kenan ka ɗebo cuta da hannunka ka kai inda jikokin mutum suke tsoma ƙafa kullum da yamma, ranar da abin ya fito wa za a nema? Ni da na turaka. Maganin yana nan, praziquantel, amma sunan da ya ɓaci ba ƙwayar da ke gyarashi.

Kuma haihuwa ce dasu kamar me, irin waɗannan kowane ɗaya namiji ne kuma mace, ka juya ganye zaka ga ƙwan a manne kamar majina, kafin ka ankara sun toshe maka famfo da filta. Akwai wani babba mai yin ƙwai ruwan hoda da aka ɗauko daga Kudancin Amurka aka kai Asiya wajen 1980 don a ci, ya tsere ya shiga gonakin shinkafa a Filifin ya dinga cinye dashe, har Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 2012. In ka ganshi ana sayarwa kar ka taɓa, mu da shinkafa ke shimfiɗe a Kura da Kadawa.

Abin da ke kawo koren ruwa rana ce da taki, takin kuwa kashin kifi ne da ragowar abinci. Na tabbata yaran gidan duk wanda ya wuce sai ya watsa wa kifin abinci. Ka ce mutum ɗaya ya dinga basu, daidai wanda zasu cinye cikin minti 5. Ka samo bado ko kainuwa su rufe kamar rabin saman ruwan, ka wanke su sosai ka duba ƙarƙashin ganye don dodon a nan yake biyo mutum, ita kainuwa kuma kullum sai kana ragewa in ba haka ba ta rufe ko'ina. Duk sati ka zubar da kamar kwatan ruwan ka ƙara sabo, ka wanke soson filta. 'Yan ƙarfasa ma suna taimakawa. Bangon kuwa buroshi ya isheshi, aikin minti 20 ne.

In Alhaji ya dage sai dodo, a sayo wajen masu kifin ado wanda aka haifa a tanki, tsutsar bata bin ƙwai. Sai dai in akwai tarwaɗa a ciki ya sani abinci ya saya mata.

Gobe ka biyo shago ka ɗauki buroshi da safar hannu ta roba, mu je tare in ga ruwan da idona.