Amsa ga mai tambaya kan tsohon gidan naman Brooklyn

Ɗan'uwa, ka ce za ka zo New York wata mai zuwa, mai masaukinka kuma ya ce sai ya kai ka gidan cin nama na Peter Luger da ke unguwar Williamsburg a Brooklyn, kana son sanin ko wurin ya cancanci kuɗin da kuma abin da za ka gani a unguwar. Na je sau uku cikin shekarun da na yi a garin nan, kuma shawarata ita ce kada ka faɗa cikin gidan kai tsaye daga mota. Ka zo da wuri, ka taka unguwar da ƙafa tukuna.

Ka fara daga titin Delancey a Manhattan, ka haye gadar Williamsburg. An buɗe ta a 1903, kuma ita ce ta sauya unguwar, don ta nan Yahudawan da suka cunkushe a unguwar Lower East Side ta Manhattan suka riƙa kwararowa. Kafin nan Jamusawa ne suka fi yawa, kuma Bajamushe ne Peter Luger, ya buɗe wurin a 1887 a matsayin gidan shan kofi da wasan biliyad. Lokacin Brooklyn ma birni ne mai cin gashin kansa, sai a 1898 aka haɗe shi da New York.

Kana sauka daga gada za ka hango wani gini mai ƙubba kamar masallaci. Tsohon bankin ajiya ne na Williamsburg, tun 1875, kusan fuska da fuska da gidan naman a titin Broadway. Idan da sauran lokaci, ka gangara bakin ruwa ka ga tsohuwar matatar sukari ta Domino. An rufe ta a 2004, a 2018 aka buɗe wurin shaƙatawa a gefenta, sun bar wasu ƙarafunan masana'antar a tsaye. Kudu da Broadway kuwa, wajen titin Lee, unguwar Yahudawa 'yan ɗariƙar Satmar ce, waɗanda suka zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar Asabar shagunansu a kulle suke, tsit.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na 1950. Bayan rasuwar Luger wurin ya lalace har aka sa shi gwanjo, sai Sol Forman, mai masana'antar ƙarfe a tsallaken titi wanda kusan kullum a nan yake cin abincin rana, ya saye shi. Zuriyarsa ce ke riƙe da shi har yau.

Naman kansa. Abin da aka san su da shi yanka ne mai ƙashi a tsakiya, wanda suke rataye shi a ɗakin sanyi makonni har ya tsane ya yi laushi. Yakan zo a faranti yana tsuwa da man shanu, an riga an yayyanka shi, mai kawo abinci ya karkata farantin ya riƙa ɗebo romon da cokali yana zuba maka a kai. Amma ka sani, cikinsa ja ne. Mu da muka saba da tsire da balangu da ya gasu har ƙashi, ranar farko sai da na yi ta kallonsa. Idan ba za ka iya ba, ka faɗa tun wajen oda a gasa maka sosai, ba kunya.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: ba gidan halal ba ne, kuma cikin abin buɗe baki da suka yi suna da shi akwai naman alade mai kauri, kada wani ya miƙo maka ka ɗauka. Zuwana biyu na ƙarshe kifi na ci, da yankakken tumatir da albasa da miyarsu mai zaƙi-zaƙi. Wannan kai da fatawar da kake bi.

Ku kama tebur tun kwanaki kafin ranar, ku kuma riƙe kuɗi a hannu, don ba su saba karɓar katin bashi ba. Komawa gida kuwa, tashar jirgin ƙasa ta Marcy tana nan kusa, 'yan mintuna a ƙafa.