"Home in on" ne ko "hone in on"?

Wa alaikumus salam. Malama, kin ce malamin da ke duba kundin digirinki ya ja jan biro a ƙarƙashin "hone in on", alhali kin sha ganinsa a jaridun Amurka, kina son sanin wa ke da gaskiya. Malamin naki ne ke da gaskiya. Ki rubuta "home in on", da harafin m.

Na daɗe ina koyar da Turanci ina kuma gyara wa ɗalibai rubutu, kuma na lura duk wanda ya san asalin maganar ba ya sake ruɗewa. Daga tantabara ta samo asali. Akwai irin tantabarar da ko an kai ta uwa duniya aka saka, sai ta ɗan yi shawagi a sama, ta miƙe sak zuwa ɗakinta. Masu kiwon tantabaru a Kano da Zariya sun san wannan hali sarai. Da irinsu ne Paul Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya riƙa aika farashin hannun jari tsakanin Brussels ta Beljiyam da Aachen ta Jamus a 1850, lokacin wayar tangaraho ba ta gama haɗe garuruwan biyu ba. To "home" a nan aikatau ne, ma'anarsa nufar gida. Daga baya aka ara wa matuƙan jirgin sama masu bin siginar rediyo zuwa filin sauka, da makamai masu linzami da ke bin abin da aka saita su a kai. Yau kuma har ɗan sanda mai bincike, idan zarginsa ya tattaru kan mutum ɗaya, da wannan kalma ake faɗa.

Shi kuwa "hone" wasawa ne, yadda wanzami ke wasa aska a dutse. Shi ya sa "hone your skills" daidai ne, wato ka goge a sana'arka. Amma wasa aska ba ya nufar ko'ina, babu alkibla a cikinsa.

Kunne ne ya jawo ruɗanin, don m da n sun yi kusa a baki idan ana magana da sauri. Tun wajen shekarun 1960 Amurkawa suka fara rubuta "hone in", ya yaɗu har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da shi, amma tare da gargaɗin cewa da yawa na ɗaukarsa kuskure. Mu kuma makarantunmu Turancin Ingila suke bi, don haka kada ki ja da malaminki a kan wannan.

Abin da ya fi damuna a rubutun ɗalibai ma wani ne daban: suna cusa "home in on" a inda bai dace ba don a ce sun iya Turanci. "Home in on" na buƙatar tafiya daga faɗi zuwa tsuke. Idan babinki ya fara da matsalolin ilimi a Arewa baki ɗaya, sannan ya gangaro kan shigar 'yan mata makaranta a Jigawa, to "the chapter homes in on girls' enrolment" ya zauna daram. Idan kuwa tun farko a kan abu ɗaya kike, "focuses on" ya wadatar, kuma ni shi na fi so. Ki kula kada "on" ɗin ya faɗi, kuma idan abin ya riga ya wuce "homed in on" za ki rubuta, ko da idonki bai saba da shi ba.

Allah ya ba da sa'ar kare kundin.