Kwat ɗin faretin soja a kan kilt: amsa ga mai shirin zuwa biki a Inverness

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka yi aikin soja a rundunar Birtaniya, a wani sashe da ba na Sikotlan ba, kuma abokin aikinka ya gayyace ka bikin aurensa a Inverness da ke Sikotlan, inda aka so maza su zo da kilt, wato zanen ulu mai tattara da mazan ƙasar suke ɗaurawa. Tambayarka ita ce ko za ka iya hayar kilt ɗin kaɗai, ka ɗora masa kwat ɗinka na fareti da ke ajiye. Ni tela ne, na daɗe ina aikin awo da gyaran kaya a wani shagon hayar kayan biki a Glasgow, kuma tsofaffin sojoji da dama sun shigo mana da kwat a hannu suna wannan tambayar. Shawarar da nake ba su ita zan ba ka: kada ka haɗa su.

Dalilin da na fi sani shi ne na ɗinki. Kilt ba a ƙugu yake zama kamar wando ba, ana ɗaure shi ne a saman cibiya, ya sauko ya tsaya a kan gwiwa, kuma cikakkensa yana cin yadi 8 na ulu mai nauyi, wanda mafi yawansa an tattare shi a baya. A gaba kuma akwai jakar da suke kira sporran, tana rataye da sarƙa, domin kilt ba shi da aljihu. Kwat ɗin kaki da sojan ƙasa yake fita fareti da shi an yanka shi ne domin wando: dogo ne, ya rufe ɗuwawu, bakinsa na gaba a miƙe yake. Da zarar ka ɓalla maɓallansa a kan kilt, sai ya danne jakar ta turo shi gaba kamar kana da tumbi, bayansa kuma ya zauna a kan tattarar ya hana ta kaɗawa, alhali wannan kaɗawar idan mutum yana tafiya ita ce rabin kyan tufar. Shi ya sa sojojin Sikotlan suke da nasu yankan daban. Kwat ɗinsu na kaki ya fi gajarta, an zaftare gabansa a zagaye domin jakar ta fito fili, na babban fareti kuwa, wanda suke kira doublet, kore ne mai duhu da yake tsayawa a ƙugu, da wasu harsuna na yadi masu maɓallai da suke saukowa su kwanta a kan kilt ɗin. Akwai waɗanda suka roƙe ni in zaftare musu gaban kwat ɗinsu, na ƙi, domin aljifan ƙasa da wurin maɓalli na ƙarshe ba sa barin a fitar da zagayen daidai, kuma idan almakashi ya shiga, kwat ɗin ya tashi daga kayan rundunarka, bai kuma zama na Sikotlan ba.

Gajeren kwat na liyafar dare, wanda hafsoshi da manyan sajoji suke sawa, shi ne ya fi kusa da dacewa, tun da a ƙugu yake tsayawa. Duk da haka kilt ɗin haya bai kai na soja hawa sama ba, saboda haka sau da yawa farar riga takan leƙo tsakanin falmaran da kilt da zarar mutum ya ɗaga hannu.

Ko da ɗinkin ya zauna, akwai maganar ƙa'ida, kuma a nan ne mutanen wurin ba sa wasa. Bayan yaƙin Culloden na 1746, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunukan Sikotlan sa kilt, ba a janye dokar ba sai a 1782, kuma a tsawon wannan lokaci sojojin sarki ne aka yarje wa su ci gaba da sawa. Rundunoni irin su Black Watch ne suka riƙe tufar har ta zama abin alfahari, an shiga yaƙe-yaƙe da ita har zuwa 1940 a Faransa, kafin a mayar da ita kayan fareti kawai. Tun 2006, da aka haɗe tsofaffin rundunonin ƙasa na Sikotlan aka kafa Royal Regiment of Scotland, kilt ɗinsu mai shuɗi da kore da baƙi yana tafiya ne da kwat da jaka da safa da hula da aka ƙayyade. Saboda haka idan tsohon sojansu ya gan ka da maɓallan wata runduna a sama da kilt a ƙasa, abin da zai gani shi ne yunifom ɗin da babu shi a kowane littafin ƙa'ida. Ba zai ce maka uffan a gaban ango ba, domin mutane ne masu kara a wurin biki, amma kai da ka san halin samanja ka san irin kallon. Ka kuma tuna cewa tun 1894 akwai doka a Birtaniya kan sa kayan soja ba da izini ba, kuma wanda ya bar aiki ba ya sa yunifom duk lokacin da ya ga dama. Idan kana son zuwa da kayan soja, ka rubuta wa hedikwatar rundunarka ka nemi izini, idan sun ba ka sai ka sa su cikakku da wandonsu.

Abin da nake haɗa wa irinku shi ne kilt da kwat na farar hula, sannan a ɗora lambobin yabo. Idan da rana za a ɗaura auren, ka karɓi kwat ɗin da ake kira Argyll, baƙi ko na ulu mai ruwan toka, da falmaran mai maɓalli 5 da doguwar laktaye. Idan liyafar dare ce, Prince Charlie ya fi dacewa: baƙi ne, gajere, mai maɓallan azurfa da 'yar jela a baya, ana sa shi da falmaran mai maɓalli 3 da ƙaramar laktaye ta ƙulli. Asalin yankan waɗannan kwat ɗin daga kayan soja aka samo shi, don haka tsayuwar da kake nema za ka same ta. Lambobinka a ƙirjin hagu suke zama, manya da rana, ƙanana da dare, kuma na mahaifi ko kaka a dama ake sa su. Anini da igiya ka bar su a gida. Tun da bikin wani ne, ka fara tambayar ango ko yana son a sa lambobi, domin wasu iyalai sun fi so kowa ya fito iri ɗaya a hoto.

Game da zanen yadin, ko da yake yawancin zane-zanen na wasu zuri'o'i ne, ba sai kana da dangi a Sikotlan ba. Zanen Black Watch kowa yana sawa, kowane shagon haya yana da shi, amma ka guji jaka ko bel mai ɗauke da tambarin rundunar da ba ka yi wa aiki ba. Sau da yawa ma ango yakan zaɓi zane guda ya ba abokansa sunan shagon.

Na san abin da yake ran da yawa daga cikinmu shi ne buɗewar gwiwa, musamman idan lokacin salla ya riski mutum a wurin. Ka sa gajeren wando baƙi a ciki, kada ka saurari masu barkwancin cewa ba a sa komai. Idan duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka nemi wandon da suke kira trews, wanda ake ɗinkawa da yadin kilt ɗin. Rundunonin kudancin Sikotlan irin su Royal Scots da shi aka san su, kuma yana zama da Prince Charlie sarai. 'Yar wuƙar da ake sokewa a safa kuwa, doka ta yarda da ita a cikin kayan gargajiya, amma ka karɓi ta roba idan ta jirgin sama za ka bi. Ka je awo da kanka tun da sauran makonni, domin daga Mayu zuwa Satumba kayan haya suna ƙarewa da wuri, kuma ka tafi da lambobinka a gwada su a jikin kwat ɗin tun a shago.