Na je NHS neman maganin damuwa, sai aka ce "kwangilar ta ƙare"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, shekara huɗu ke nan. Bayan na haihu sai damuwa ta yi mini rubdugu, ba barci, ba cin abinci, sai kuka babu dalili. Likitan unguwarmu ya tura ni wajen masu magani ta hanyar zantawa. Wasiƙar da ta zo da sunan wata ƙungiya ce, ga tambarin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, a gefe. Na yi zama uku da wata mata, na fara sakin jiki da ita, sai aka ce mini kwangilarsu za ta ƙare, wasu ne za su karɓi aikin. Ashe lafiyar mutum ma ana ba da ita kwangila kamar hanya ko gini? Za a zo a ce in biya? Kuma asirin da na faɗa mata fa, hannun wa zai koma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya raya abin da aka samu. Bari in fara kwantar miki da hankali a kan kuɗi: ba za ki biya ko kwabo ba. Duk wanda sunansa ke kan wasiƙar, asibitin gwamnati ne ko ƙungiyar agaji ko kamfani, NHS ce ke biyansa daga kuɗin haraji.

Eh, ana ba da wannan aiki kwangila, kuma ba sabon abu ba ne. Shirin da kika shiga an fara shi a faɗin Ingila a 2008 da sunan IAPT, bayan an gwada shi a Doncaster da Newham tun 2006. Mutum biyu ne suka tsaya kai da fata har gwamnati ta yarda: Richard Layard, masanin tattalin arziki, da David Clark, masanin halayyar ɗan Adam. Hujjarsu ita ce mutane da yawa sun bar aiki saboda ciwon damuwa da fargaba, gwamnati na ba su kuɗin tallafi, alhali akwai magani na zama da zantawa da aka tabbatar yana aiki, sai dai masu yin sa sun yi kaɗan. A yi musu magani, in ji su, kuɗin zai dawo da kansa. A 2023 aka sauya wa shirin suna zuwa NHS Talking Therapies, kuma yanzu fiye da mutum miliyan ɗaya ke shiga cikinsa kowace shekara.

To wa ke ba da kwangilar? A NHS ta Ingila, mai riƙe da jakar kuɗi daban, mai yin aikin daban. Daga 2013 ƙungiyoyin da likitocin unguwa ke jagoranta, waɗanda ake kira CCG, su ne ke sayen aikin a madadin jama'ar yankinsu. A Yulin 2022 aka rushe su, aka kafa hukumomi 42 da ake kira ICB. Hukumar yankinku ita ce ke zama ta rubuta abin da take so: mutum nawa za a gani a shekara, wane irin magani, a waɗanne unguwanni, kan nawa, na tsawon shekara nawa. Tun 1 ga Janairun 2024 kuma akwai sabuwar ƙa'ida da ta sassauta mata. Ba dole ba ne ta buɗe gasa duk lokacin da wa'adi ya cika. Idan wanda ke riƙe da aikin yana yin sa yadda ya kamata, kuma kwangilar ba za ta sauya sosai ba, tana iya sake ba shi kai tsaye. Tana iya zaɓen wanda ta ga ya fi dacewa ba tare da gasa ba, tana kuma iya buɗe gasar. Ni ina ganin wannan sassauci alheri ne, domin na ga abin da yawan sauya hannu ke yi wa marasa lafiya, kuma ke ma ga shi kina gani.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. Abin da aka rubuta a takardar kwangila shi ne abin da za ki tarar a ɗakin zantawa. Kin lura duk zaman da kuka yi sai an ba ki tambayoyi kin cika? Guda tara a kan ƙuncin rai, guda bakwai a kan fargaba: sau nawa a mako biyun da suka wuce kika rasa sha'awar komai, sau nawa barci ya gagare ki. Sunayensu PHQ-9 da GAD-7. Idan makinki ya kai 10 a na farko ko 8 a na biyu, ana lissafa ki cikin masu ciwon. Idan kika gama kuma duka biyun sun sauko ƙasa da haka, sai a rubuta kin warke. Da waɗannan lambobi ake auna ɗan kwangila. Shekara da shekaru burin da aka kafa shi ne rabin waɗanda suka kammala su warke, kashi 75 cikin ɗari su fara samun magani cikin mako shida, kashi 95 cikin mako goma sha takwas. Ana kuma wallafa sakamakon kowane yanki a fili, abin da ba kasafai ake yi ba a harkar lafiyar ƙwaƙwalwa a ko'ina cikin duniya. Wannan abin a yaba ne.

Amma ma'auni yana da nasa lahani. An fi sa ido a kan jiran farko, don haka a wasu wurare za a kira ki da wuri a yi miki tambayoyi ta waya, agogon lissafin jiranki ya tsaya, sannan ki shiga wani dogon jira kafin zama na biyu, wanda shi ne ainihin fara magani. Kuma a lissafinsu, wanda ya yi zama biyu aka sallame shi yana cikin waɗanda suka kammala. Idan kuɗin kwangila ya yi ƙaranci, abin da ke fara shan wahala shi ne yawan zama da kuma zaɓi. Sai a fi tura mutane mataki na ƙasa, na littafin taimakon kai da kiran waya ko zaman rukuni, wanda yake da amfani ƙwarai ga wasu amma ba ya isar kowa. Akwai mataki na sama, na zama ido da ido da ƙwararre, kuma kina da damar cewa na farkon bai yi miki ba, a ɗaga ki.

Inda abin ya fi taɓa zuciyata shi ne harshe. Na taɓa zama cikin masu duba takardun neman irin wannan kwangila. Wata takarda ta yi shafi da yawa tana bayanin manhajar waya da za ta kawo, batun tafinta kuwa layi biyu kacal. Alhali zaman da ake yi da tafinta yana cin lokaci fiye da na kullum, domin kowace magana sai an faɗe ta sau biyu. Idan ba a sa kuɗin wannan ƙarin lokaci a kwangila ba, matar da ta zo tana so ta ce "zuciyata ce ke tafasa, kaina ya yi nauyi" za ta samu rabin maganin da maƙwabciyarta Baturiya ta samu, a cikin lokacin zama iri ɗaya. Idan kin fi iya fitar da abin da ke ranki da Hausa, ki nemi tafinta, su za su biya. Kada ki yarda a ce ki zo da maigida ko ɗanki ya fassara miki. Kina iya neman mace ce za ta gan ki. Haka batun addini: a Jami'ar Leeds, Farfesa Ghazala Mir da abokan aikinta sun daidaita wani nau'in maganin damuwa don Musulmi, wanda ke amfani da ibada da imanin mutum a matsayin abin dogaro, aka kuma gwada shi a Bradford. Ba ko'ina ake samunsa ba, amma ba laifi ba ne ki ce sallarki da addu'arki suna cikin abin da kike so a yi magana a kai.

Batun asiri kuwa, dokar kare bayanai ta 2018 ta hau kan ƙungiya da kamfani kamar yadda ta hau kan asibitin gwamnati. Ba a gaya wa mijinki ko danginki abin da kika faɗa. Yawanci ana sanar da likitan unguwarku cewa kina karɓar magani. Inda za a iya buɗe magana ba da izininki ba shi ne idan aka ga ranki, ko na jaririn, ko na wani, yana cikin haɗari. Idan aiki ya sauya hannu, fayil ɗin masu jinya kan koma wajen sabon mai riƙo domin kada a fara daga farko, kuma kina da haƙƙin tambayar me za a tura da kuma ganin abin da aka rubuta a kanki.

Ita matar da kika saba da ita, mai yiwuwa ba za ki rasa ta ba. Akwai ƙa'idar da ake kira TUPE, wadda a yawancin irin wannan sauyi take mayar da ma'aikata ƙarƙashin sabon mai kwangila da sharuɗɗan aikinsu. Sau da yawa tambarin wasiƙa ne ke sauyawa, fuskokin suna nan. A zamanku na gaba ki tambaye ta kai tsaye: za ta koma tare da aikin? Idan ba za ta koma ba, zama nawa ya rage, kuma za a iya kammala su kafin ranar sauyin? Ki roƙi a rubuta miki cewa ci gaba za ki yi, ba sabon layi za ki bi ba.

Ki kuma tuna musu cewa ke mai jego ce. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara yadda ya kamata a yi magani a NHS, ta ce mace mai ciki ko wadda ke cikin shekarar farko bayan haihuwa a duba ta cikin mako biyu da tura ta, a fara mata magani cikin wata ɗaya bayan dubawar. Idan aka bar ki a tsakiya, ki koma wajen likitan unguwa ko ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa duba jariri, ki kuma rubuta ƙorafi ga hukumar ICB ta yankinku, tunda ita ce ta sa hannu a kwangilar. Idan kuma wani dare abin ya yi tsanani, har tunanin cutar da kanki ya zo miki, kada ki jira kowace wasiƙa: ki kira 111 ki zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, in rai na cikin haɗari ki kira 999.