Re: Wace waya ta dace da ofishin injin shinkafa a ƙauye?

Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi tambayarka ta sosa mana inda yake ƙaiƙayi, don duk mai ofis a wajen gari ya san wannan ciwon. Ka ce injinka yana gefen Auyo, kana da ofisoshi huɗu da sito da wurin sikeli da ɗakin mai gadi, kuma wani ya kawo maka takardar kuɗin wayoyin tebur masu aiki da intanet, wani kuma ya ce ka ɗaura intakom, yaranka suna cewa a yi CUG kawai a huta, wato tsarin da kamfanin waya ke haɗa layukan ma'aikata su riƙa kiran juna kan kuɗin wata.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka raba maganar gida biyu: kiran cikin gida daban, kiran waje daban. Masu kawo kaya suna son cakuɗa su ne don kuɗin ya yi kauri.

Kiran cikin gida, wato akawu ya kira sito, sikeli ya kira ma'aji, wannan ba ya buƙatar sabis ko data. Ƙaramin akwatin PABX, wato na'urar intakom mai haɗa wayoyin cikin gida, da wayoyin girke ya wadatar. Irin Panasonic KX-TES824 yana zuwa da gurbin layin waje 3 da wayoyin ciki 8, kai kuwa bakwai kake nema. Sai dai Panasonic sun daina yin waɗannan akwatuna, abin da ke kasuwa ragowa ne ko na hannu, don haka a kunna a gabanka a gwada kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya. Siririyar wayar tarho mai jijiya biyu tana kai mita ɗaruruwa ba matsala. Kebul ɗin intanet kuwa, Cat6, iyakarsa mita 100, in ɗakin mai gadinka ya wuce haka sai an ƙara wata na'urar a tsakiya, ita ma da tata wutar. Mai takardar can ya gaya maka wannan? Na san bai faɗa ba.

Ba wai wayar intanet ɗin ba ta da kyau ba ne. Akwatunanta na kamfanin Yeastar da Grandstream kaya ne masu kyau, suna naɗar kira, suna nuna maka wa ya kira da ƙarfe nawa. Kira ɗaya bai cika cin kilobit 100 a daƙiƙa ba, saboda haka ba yawan data ne matsalar ba, tsayuwar sabis ne. Bidiyo yana iya jira ya loda, murya ba ta jira. Da sabis ya yi rawa sai ka ji magana tana yankewa, dillali yana cewa buhu arba'in kana jin goma sha huɗu. In kuma irin wanda akwatin yake can a intanet ne ana biya wata-wata, ranar da sabis ya ɗauke ko mai gadinka ba za ka iya kira ba, alhali kana hango shi ta taga. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya tun 2023 kuma yana aiki a ƙauye, amma kuɗin wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin a ce don waya kawai aka saye shi.

Kiran waje kuwa, layin NITEL ya zama tarihi, sim za ka yi amfani da shi. Akwai ƙaramin akwati da ake sa wa sim, a jona shi a gurbin layin waje na PABX, duk wayar tebur ta iya ɗagawa. Sayi biyu, kamfani daban-daban. Kada ka tambayi kowa wane layi ya fi ƙarfi: sa MTN da Airtel da Glo a wayar hannu, ka tsaya daidai inda akwatin zai zauna, ka gwada da safe, da yamma, da ranar kasuwa. Ginin kwano yana kashe sabis, a fitar da eriya waje. A layin farko ka danna **62* da lambar na biyun da #, in bai shiga ba kiran ya koma can, amma kai za a cire wa kuɗin juyawar. Sannan a gwada abu ɗaya da ake yawan mantawa: wani ya kira ya kashe, a ga ko layin ya saku. Wasu akwatunan suna riƙe layi, mutane su wuni suna jin ana kan waya.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona rai. Wasu masu ɗaura kayan nan, Allah Ya shirye su, sai su yi wa sim ɗin ofis rajista da NIN ɗinsu ko na yaronsu, su sa kalmar sirri a akwati su tafi da ita a ka. Lambar nan an buga ta a buhu, an rubuta a allon bakin titi, manoma da dillalan Hadeja duk ita suka sani. Ranar da aka saɓa, ko sim ya lalace, ka je ofishin kamfanin waya a ce ba kai ne mai layi ba. Ka kira mutumin, yau yana Kano, gobe yana Abuja, jibi ba ya ɗagawa. Ko ƙara waya ɗaya kake so sai ka biya masa kuɗin mota da na aiki, aikin da bai fi minti biyar ba. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne. Ka yi rajistar layi da sunan kamfani da takardar CAC, in ba ka da ita to da NIN ɗinka kai kanka. Kalmar sirri da zanen inda kowace waya ta bi a rubuta maka a takarda, ka shiga da kanka ka gani, sannan ka biya cikon kuɗi. Haka ma manajan da yake karɓar oda da layinsa, ranar da ya bar aiki da kwastomominka zai tafi.

Wuta kuma, kada ka jona kayan kai tsaye da janaretan injin, duk sanda babban moton da ke juya injin ya tashi wuta takan faɗi ta dawo da ƙarfi, ita ke ƙona su. Na KEDCO ma ka san hali. Ka ware musu inbata. In duka kayan suna cin wat 60, batir mai bolt 12 da Ah 100 zai riƙe su kusan awa goma, don rabinsa kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Wayar da za ta tsallaka fili a sa ta a bututun roba a binne, saboda ɓera da gara da rana, a kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa, in ba haka ba tsawar damina ɗaya ta isa. Akwatin kuma ya yi nesa da ƙaiƙayi da ƙurar dusa.

CUG ɗin yaranka ba laifi ba ne, amma na direbobi ne da masu zuwa sayen shanshera a ƙauyuka. Ka tambayi kuɗin kowane layi a wata da mafi ƙarancin layukan da suke karɓa, don tun ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa NCC ta amince da shi a farkon 2025 tsohon lissafi ya canja. Ka auno mana nisan ɗakin mai gadi zuwa ofis, sai a gaya maka yawan wayar da za ka saya.