Tambaya da Amsa: An yi mani tallar raiful ta hannu, in saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni maharbi ne, gado na yi, amma har yau bindigar toka nike riƙewa. To wani ya kawo mani tallar raiful ta hannu, irin mai sakatar nan da ake ja bayan kowane harbi, ya ce tana cin nesa sosai kuma kuɗin ba yawa. Dan Allah mi zan duba kafin in biya? Daga mai karatunku a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sa'a. Kafin ka taɓa ƙarfen nan tambayi takarda tukuna. Dokar bindigogi ta 1959 gida uku ta kasa su: ta toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izini, mai baki ɗaya ko biyu da raiful ta farauta sai lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, na soja kuwa sai shugaban ƙasa. Inda mutane ke ruftawa shi ne raiful mai cin harsashi .303 ko 7.62, wato lambar kaurin harsashin, cikin na sojan take, kuma tsohuwar Mak 4 ɗin nan da 'yan sanda suka riƙe a da .303 ce, ita ma mai sakata ce, in aka kama ka da irinta ba izini maganar shekara 10 ake a gidan yari. Lasisin mai sayarwa kuma nashi ne shi kaɗai, ba ya biyo bindiga hannunka. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka je hedkwatarsu a Katsina ka ji inda maganar ta kwana. Wallahi arhar nan ita ta fi tada mani hankali, a wannan hali da jiharmu ke ciki bindiga mai arha marar takarda ba ka san jinin wa ke kanta ba.

In takardu sun cika kuma ta hannun dila mai rajista za a yi cinikin, to sai duba. Fara tabbatarwa ba harsashi ciki, da idonka, kar ka yarda da "ai ba komai". Zare sakatar ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya, akwai zane mai murɗewa a ciki wanda shi ke juya harsashi ya tafi miƙe, ya kamata ka gan shi tsaf da kaifinshi. In ya shafe ko ka ga ramuka baƙi-baƙi na tsatsa, ko wani kumburi, ajiye masu kayansu ko da waje na sheƙi, fenti da mai ba wuya. Shafa bakin bututun da yatsa, 'yar lotsewa kaɗan ta isa ta sa ka yi ta kuskure. Lambar jikinta ta zo daidai da ta takarda, in an kankare ta tashi ka bar wurin. Sai ƙota, musamman bayan kunama inda hannu ke riƙewa, nan take tsagewa. Ɗana ta ba harsashi, sa makullin da ke hana ta tashi ka ja kunama, in ta tashi ba ta da amana.

Batun cin nesa kuwa ni ban ba ka goyon baya ba. Ƙaramin harsashi .22 ma yana wuce kilomita ɗaya da rabi, manyan su haura uku, kuma ka fi ni sanin ƙasar Daura, fili ne fetal, bayan kowane sunƙuru akwai gona ko makiyayi ko yara masu itace. Zomo da zabo da fakara da kuke samu da rani, mai baki ɗaya ta ishe su a taki 30 zuwa 40.